Bakin Madatsa a Ƙarshen Ɗari

Ya ku yara, a ƙasashen da ke can arewacin duniya sanyi yakan tsananta har ruwan tafki ya daskare, ya zama ƙanƙara. A ƙasar Rasha akwai wani tafki, sunansa Baikal, wanda ya fi kowane tafki zurfi a duniya. Yakan daskare tun daga watan Janairu har wajen Mayu, kaurin ƙanƙararsa ya kai kamar mita 1. Mutane sukan yi yawo a kansa, yara su yi wasan zamiya, masunta kuwa su huda rami su zura ƙugiya. Amma da ɗari ya kusa wucewa sai ƙanƙarar ta raunana. Sa'an nan iyaye sukan hana yara hawa, domin wanda ya burma da wuya a cece shi.

Mu a nan ruwanmu ba ya daskarewa, ko da hunturu ya kai inda ya kai. Muna da madatsar Pada a ƙasar Gwarzo, da Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, ga kuma babbar madatsar Challawa a Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. In ka je bakinsu a watan Fabrairu, sai ka ga abin sha'awa. Masu lambu suna ban-ruwan tumatir da albasa, masunta suna kamun karfasa da tarwaɗa, Fulani suna shayar da shanu. Har waɗansu agwagin daji da suka gudo wa sanyin Turai sukan sauka a ruwayen ƙasarmu, su koma gida wajen watan Maris.

To, a ganina ya kamata kowane ɗan makaranta ya je ya ga waɗannan abubuwa, amma tare da babba, kuma kada ya shiga ruwan. Yadda ƙarshen ɗari yake da haɗari ga yaran Rasha, haka yake gare ku, domin da rana ta fara zafi sai wanka ya ba ku sha'awa.

Dalilina biyu ne. Na farko, madatsa ba kududdufi ba ce. Tana da zurfi, ƙasanta laka ce, yaro yakan zurma ba shiri. Na biyu, akwai tsargiya. Wata 'yar tsutsa ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. In mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su yawaita. Daga nan sai su fito, su huda fatar mai wanka, shi kuwa bai sani ba.

Waɗansu sukan ce, "Ai fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji." Wannan ba gaskiya ba ne. Ciwo ne mai rage jini, mai sa kasala, mai hana karatu, in ya daɗe kuwa ya ɓata mafitsara. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kada ya ɓoye. Ya faɗa wa iyayensa ko malaminsa, a kai shi asibiti, gama akwai magani.

Saboda haka ku je bakin madatsa, ku taya iyayenku aikin lambu, ku ƙirga tsuntsaye, ku yi langa a kan tudu. Wanka kuwa a gida, da ruwan rijiya ko na famfo. Kada kuma ku yi fitsari a ruwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.