Kafin A Saka Yarinya A Mota



Idan rani ya yi nisa, gero ya koma gindin rumbu, lokacin ne masu neman 'ya'yan mutane ke shigowa ƙauyukanmu, daga Kornaka har cikin garin Dakoro. Sau da yawa fuskar sananniya ce: 'yar gari da ta dawo daga Agadas ko Aljeriya da sabuwar atamfa da babbar waya. Ba ta gaggawa. Yau ta ba yarinya sabulu, gobe ta saka mata kati a waya, jibi ta ce sirrinsu ya tsaya tsakaninsu. Sai yarinya ta saba da hannunta, sannan ta zauna da uwar: “Yaya, ki ba ni ita riƙo, aikin gida kawai za ta yi, duk wata zan aiko miki.”

Riƙo al'adarmu ce mai kyau, da yawanmu a hannun gwaggo muka tashi. Shi ya sa abin ke yi mini ciwo, don rigar zumunci aka ara ana fataucin yara a cikinta.

A watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka lalace a hamada bayan sun bar Arlit. Aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu 'yan kudancin Nijar ne, wajen Kance, kuma bara ce ke jiran irin waɗannan yara a can. Ku tuna da Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240, aka mai da ita wahaya, wato sa-ɗaka. Sai a 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta.

Doka kam akwai. Tun 2003 bauta laifi ce, a Disamban 2010 aka fitar da dokar fataucin mutane, wadda ta ce ɗaukar yaro don a ci guminsa fatauci ne ko ba a tilasta masa ba. Amma doka tana Yamai, motar kuwa daga tasharmu take tashi.

To, Inna, Baba, kafin ku amince ku tambaya: wane gari, gidan wa, wa ya taɓa zuwa ya gani da idonsa? Makarantarta fa? Ku kai maganar gaban mai gari da liman. Wadda ta ce a tafi da asuba kada kowa ya ji, a tsayar da ita a sanar da jandarma. Ku kuma direbobi da 'yan kamasho, idan kun ga mace ɗaya da yara shida, babu mai kama da ita, ku tambayi yaran sunan garinsu kafin ku ɗaure kaya.