Zaizayar Ƙasa a Gombe: Kankare Kaɗai Ba Zai Wadatar Ba

Duk shekara da zarar hadari ya haɗu a gabas, akwai magidanta a cikin garin Gombe da barci ke ƙaurace wa idanunsu, domin katangun gidajensu na tsaye ne a bakin kwari. Waɗanda suka shaida ambaliyar watan Agustan 2004, wadda ta ci rayuka da gidaje a wannan gari, sun san cewa wannan fargaba ba ta banza ba ce.

Ya kamata mu fahimci yadda ɓarnar take farawa. Ɗigon ruwan sama idan ya faɗi a kan ƙasar da babu ciyawa, yakan farfasa ta ya toshe ƙofofin da ruwa ke nitsewa. Sai ruwan ya kwanta a sama, ya fara gangara yana kwashe ƙasar noma. Daga nan ya tsaga 'yan siraran hanyoyi, su haɗu su zama kwari. Idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi yakan ninka huɗu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kwari da baya yake tafiya: ruwa na zubowa ta bakinsa yana rarake ƙarƙashi, sama ta rufta, bakin ya ƙara matsawa tudu.

Garin Gombe yana kwance ne a kan gangara, daga tudun Akko a yamma zuwa gabas, kuma ƙasarsa mai rairayi ce, ba ta da danƙo. Tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, gonaki da dazuzzukan da ke shan ruwa a kan tudu suka koma gidaje. Kowane rufin kwano da kowane tsakar gida mai daɓen siminti, ruwa yake turawa ga maƙwabcin da ke ƙasa.

Alal haƙiƙa, hukuma ba ta naɗe hannu ba. An gyara kwarin da ya addabi Jami'ar Jihar Gombe a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya. Shirin ACReSAL, wanda bankin ya amince da shi a 2021, ya ɗora a kan wannan aiki. Haka kuma a 2019 gwamnatin Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G.

Sai dai fa tilas mu gaya wa kanmu gaskiya. Magudanar kankare tana kai ruwa ne kawai, ba ta rage yawansa. Idan aka cika ta da shara da leda, ruwa zai tsallake ya ci gefenta, har ginin ya karye. Idan masu tipa suka ci gaba da ɗibar yashi a gindin kwari, bango zai rufta. Dukiyar da aka kashe ta jama'a ce, kuma rance ne da za a biya.

Saboda haka muna kira ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa da su jagoranci yashe lambatu kafin faɗuwar damina, a dasa jema da itatuwa a gefen kwaruruka, a kuma kula da su har su kama. Mai gini ya nemi izinin hukuma, ya bar wa ruwa hanyarsa, ya kuma rage wani fili a gidansa babu siminti. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.