WA ZAI TAIMAKI MAI JINYA?

Akwai wata cuta da ke cin mutanenmu a ɓoye, daga birnin Daura har Baure, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa, kunya kuwa ta hana a yi maganarta. Mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai a ce ai basir ne, a jiƙa masa sassaƙe. Yana sha yana rama, yau zawo, gobe ciki ya ƙulle, har ran da hanji zai toshe a kwashe shi ranga-ranga. Sai a asibiti za a ji cewa ciwon dajin hanji ne, kuma ya riga ya kai hanta. Ba kowane jini ne daji ba, amma duk wanda jini ya ƙi tsaya masa, to ya je likita ya duba shi tun yana bisa ƙafafunsa.

Maganarmu ta yau a kan wanda ciwonsa ya riga ya yi nisa ne, da iyalinsa. Sau da yawa likita yakan yi masa aiki, ya buɗe ƙofa a gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin 'yar jaka da ake mannawa. Jakar nan saye ake yi, kuma sai an yi ta sakewa. In babu kuɗi, sai a koma leda da tsumma, fata ta ɗaye, wari ya kori masu zuwa gaisuwa. Magidancin da jiya yake ciniki a kasuwar Mai'aduwa, yau yana jin kunyar shiga sahu. Wa ke wankewa? Matarsa. Wa ke kwana zaune in zafin ciwo ya taso? Ita ce. Ta bar sana'arta, an sayar da akuya, an jinginar da gona, yaro ya bar makaranta ya tsare rumfa. Ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaura jakar, ba kuwa wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Me mahukunta suka yi? A 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimakon matalauta masu ciwon daji, amma da iri uku aka fara: na mama, da na bakin mahaifa, da wanda ke kama maza a ƙasan mafitsara. Mai na hanji ba ya cikin lissafi. A Yulin 2025 an buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Madalla, ba mu hana yabo inda ya kamata. Amma daga Daura zuwa Katsina kusan mil 50 ne, balle daga ƙauyen bakin iyaka, kuma mai jinya da mara lafiya kuɗin mota biyu ne. Ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya ji ƙansa, ya yi mulkin ƙasar nan daga 2015 zuwa 2023, shi kansa a Landan ya riƙa neman magani. Talaka fa, ina Landan ɗinsa?

Abin da muke nema ba ya fi ƙarfin Gwamnatin Jihar Katsina ba. A ajiye jakunkunan nan a asibitin Daura, a ba talaka kyauta. A kawo maganin zafi mai ƙarfi da ake kira mofin, na ruwa, wanda ake sha bisa umurnin likita. Ba shi da tsada, kuma da shi mutum zai sami barci, ya yi magana da 'ya'yansa, ya bar wasiyya da hankalinsa. A sa nas ta riƙa zagaya gidaje tana koya wa masu jinya. Wakilanmu na majalisa kuma su tashi su ce a sa ciwon hanji cikin asusun nan.

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, mu ma da namu aikin. Wanda ya kwanta, a tsare masa rumfarsa, kada a raba abokan cinikinsa tun yana numfashi. In ana adashi, a ba shi ɗauka ta gaba. Matan unguwa su karɓi mai jinya ko da wuni ɗaya a mako, ta runtsa. Malamanmu kuma su yi wa mai jaka bayanin hukuncin mai lalura, don kada ya bar salla yana zaton ba shi da tsarki.

Sakataren kowane reshe ya bincika gidajen da ke da irin wannan jinya a unguwarsa, cikin sirri da yardar masu gida, ya kawo adadinsu a taron wata mai zuwa.