Faɗin Ƙasa da Fitowar Rana

A ce wata rana da azumi wani yaro a Ɗankaza, cikin ƙasar Wudil, yana zaune a ƙofar gida da ƙwaryar kunu gabansa, ya zuba wa yamma ido. Sai waya ta yi ƙara. Yayansa ne daga Maiduguri, inda ya kai kaya da mota. Ya ce, "Ƙanena, barka da shan ruwa." Yaro ya ce, "Haba Yaya, wane shan ruwa? Ga rana nan jawur bisa kan itatuwa, ba ta faɗi ba tukuna." Kowa ya dubi agogonsa, su ka ga lokaci ɗaya su ke nunawa, ba wanda ya wuce wani ko da minti guda.

To, wa ya yi kuskure cikinsu? Babu ko ɗaya. Rana ta faɗi a Maiduguri, ba ta faɗi a Ɗankaza ba, kuma sai an ƙara kamar minti 17 kafin ta faɗi. Da yaron nan ya ɗauki maganar yayansa ya kurɓi kunu, da ya sha ruwa da sauran rana. Abin da ya raba su shi ne faɗin ƙasa daga gabas zuwa yamma. Wannan kuwa darasi ne da ya kamata kowane ɗan makaranta ya san shi sarai, amma sau da yawa a kan bi ta kansa da gaggawa, a sa yara su haddace sunayen ƙasashe da manyan biranensu, a wuce.

Ga yadda abin ya ke. Duniya a dunƙule ta ke, tana kuwa juyawa daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya cikin awa 24. Saboda haka wanda ya ke gabas shi ya ke fara ganin alfijir, shi kuma duhu ya ke fara rufewa. Masana sun zana wa duniya layuka a taswira, daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, kamar zanen da a ke gani a jikin kabewa daga hancinta zuwa gindinta. Sun kasa kewayen duniya kashi 360, kowane kashi ana ce da shi digiri. In an raba 360 gida 24 za a sami 15, watau duniya tana juya digiri 15 a awa guda, digiri ɗaya ke nan cikin minti huɗu. A wajajen Kano, digiri ɗaya ya kai kamar kilomita 109. Ashe duk wanda ya yi tafiyar kilomita 27 sosai gabas, ya riga mutanen gidansu ganin faɗuwar rana da minti guda.

Da wannan ɗan lissafi yaro zai iya auna ƙasarsa da kansa. Wudil tana kusa da digiri 9 gabas, Maiduguri ta ɗan wuce 13, Sakkwato kuwa ta ɗan wuce 5. Don haka rana ta kan faɗi a Wudil kamar minti 14 kafin ta faɗi a Sakkwato, tsakanin Maiduguri da Sakkwato kuwa ya fi rabin awa kaɗan. Ko birnin Kano, da ya ke nan kurkusa, Wudil ta riga shi da minti ɗaya da 'yan kai. Nijeriya duka, daga iyakarta da Jamhuriyar Benin a yamma har bakin tafkin Chadi a gabas, ta kai digiri 12, fiye da kilomita 1,100, kusan mil 700 ke nan. Digiri 12 sau minti huɗu, minti 48.

Yaro ya kan manta mil 700 kafin a tashi daga makaranta, gama bai taɓa taka su da ƙafarsa ba. Amma in an ce masa akwai 'yan ƙasarsu da su ke gama sallar asuba alhali wasu ba su ji kiran farko ba, ba zai manta ba. Shi ya sa ya fi kyau malami ya koyar da faɗin ƙasa da minti, kāna ya kawo kilomita daga baya.

Abin mamaki, tsawon ƙasa daga arewa zuwa kudu ba ya yin wannan aiki. Tsakanin Kano da Kalaba a miƙe ya kusa kilomita 800, ɗaya cikin ƙasar rani, ɗaya a bakin teku, amma da ya ke kusan kan layi ɗaya su ke, rana ta kan yi tsaka a garuruwan nan biyu kusan minti ɗaya. Abin da kudu da arewa su ke canzawa shi ne tsawon yini da na dare, gwargwadon lokacin shekara.

Mutanen dā ba su damu da wannan duka ba. Kowane gari da tasa ranar. Ladan ya kan dubi inuwa, malamai su kan auna ta da ƙafa, su san azahar ta yi ko la'asar. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro su kan yi wata da watanni a hanya da jakunansu, suna yin yamma kaɗan kaɗan, ba wanda ya lura ranarsa ta ja baya da wasu mintoci. Jirgin ƙasa da wayar tangaraho su ne su ka tona asirin. A Amurka, kamfanonin jirgin ƙasa su ka gaji da rikicin agogon kowane gari, su ka kasa ƙasar yanki yanki a 1883, kowane yanki da lokacinsa. A 1884 wakilan ƙasashe su ka taru a birnin Washington, su ka yarda a fara ƙirga layuka daga Greenwich, wata unguwa a London. Layin nan ya ratso ta Afirka ta Yamma, ya faɗa teku a Tema, cikin Ghana. A nan gida jirgi ya iso Kano a 1911, a 1919 kuma a ka sa agogon Nijeriya duka ya riga na Greenwich da awa ɗaya. Shi ya sa in ƙarfe takwas ta buga a kasuwar Wudil, a zangon Hausawa na Kumasi ƙarfe bakwai ce.

Akwai wani abu a nan wanda ko manya ba duka su ka sani ba. Agogon da ya riga na Greenwich da awa ɗaya, an ɗaura shi ne a kan layin digiri 15 gabas, layin nan kuwa bai taɓa ƙasar Nijeriya ba ko kaɗan. Ta wajen Njamena ya bi, babban birnin Chadi. Watau agogon da ya ke hannun mutumin Ɗankaza ranar Njamena ya ke bi. Sa'ad da ya nuna sha biyu, a Wudil rana ba ta yi tsaka ba, sai an ƙara kamar minti 25, wani lokacin shekara ya fi haka, wani lokaci ya gaza. A Ikko kuwa jiran ya kan kai kamar minti 46.

Wani zai ce, in haka ne, me ya hana a raba ƙasar biyu, gabas da agogonta, yamma da nata? Wannan magana da daɗin ji, amma ba ta da amfani. Ratar da ke tsakanin ƙarshen gabas da ƙarshen yamma ba ta cika awa ɗaya ba. In an ja layi a tsakiya, garuruwa biyu maƙwabta, masu cin kasuwar juna, za su sami kansu da bambancin awa guda cur, alhali rana ba ta raba su da minti biyu ba. Direban da ya taso daga Maiduguri ta Damaturu da Potiskum sai ya tsaya gyaran agogo a hanya. Jarrabawar da a ke so yara duka su fara tare sai a rubuta mata lokaci biyu. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Jamhuriyar Nijar ma, wadda ta fi Nijeriya faɗi, gama ta kusa digiri 16, agogo ɗaya ta ke bi daga Yamai har Diffa, zama kuwa ya yiwu.

Amma kowane abu da iyakarsa. Ƙasar Kwango mai babban birni a Kinshasa ta kai kamar digiri 19, don haka agogo biyu gare ta. Rasha ita ce uwar faɗi. Ta miƙe fiye da digiri 170, kusan rabin kewayen duniya, an kasa ta lokaci 11, jirgin ƙasa kuwa daga Mosko zuwa Vladivostok ya kan ci fiye da kilomita 9,000, tafiyar kusan mako guda. Ƙasar Sin ce ta ɗauki wata hanya dabam. Faɗinta ya kai digiri 60, ratar awa huɗu ke nan, amma tun 1949 agogon Beijing kaɗai hukuma ta sani. A Kashgar, wani tsohon birnin Musulmi a can ƙarshen yamma, da sanyi sai ƙarfe goma ta wuce rana ba ta fito ba. Da yawa cikin mutanen wurin su kan riƙe nasu lokaci na gida, wanda ya ke bayan na hukuma da awa biyu, har in za a yi alkawari sai an tambaya wane agogo a ke nufi. Abin da Nijeriya ta iya ɗauka da minti 48 ya yi wa mai awa huɗu nauyi.

Agogo ɗaya dai ya dace da Nijeriya, ga makaranta da ofis da tasha. Inda haɗarin ya ke shi ne mutum ya zaci agogo ɗaya rana ɗaya ce. Yanzu rediyo da waya suna kawo kiran salla daga kowane gari zuwa cikin ɗaki, takardun lokutan salla kuma suna yawo hannu da hannu, wani ba ya ko duba sunan garin da a ka buga a sama. Mai azumi a Ɗankaza in ya bi takardar Maiduguri zai sha ruwa da rana, in kuwa ya bi ta Sakkwato wajen sahur zai ci abinci bayan alfijir ya keto. Ɗan makarantar da ya san minti huɗu na kowane digiri shi ne zai karɓi takardar ya duba samanta, ya ce, "Baba, wannan ba ta garinmu ba ce."

Duk makarantar da ke da fili tana iya gwada abin nan ba tare da ta kashe ko kwabo ba. A kafa sanda a miƙe a wuri mai baibai, tun ƙarfe sha ɗaya da rabi yara su riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarta kowane minti biyar, ɗaya yana rubuta lokaci. Inda inuwa ta fi gajarta, nan rana ta yi tsaka. In malami yana da aboki a wata makaranta a Borno ko Sakkwato, sai su shirya su yi gwajin rana ɗaya, su gaya wa juna abin da su ka samu ta waya. Yara su ɗebe wannan lokaci daga wancan, su raba mintocin gida huɗu, su ga digiri nawa ne tsakaninsu, sa'an nan a buɗe taswira a duba.