Amsar Tambaya: Itacen Holi Da Ya Ƙi 'Ya'ya

Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya aiko mana da takarda, ya ce yau shekara 5 ke nan da ya dasa ɗan itacen nan da Turawa ke kira holi a bayan gidansa. Ganye ya yi kyau, amma ko ɗa guda bai taɓa gani ba. Yana tambaya ko ya sare shi.

To, Malam, dakata tukuna. Bari mu fara gaya wa jama'a ko mene ne holi. Itace ne mai ganye kore shar, mai sheƙi, da ƙayoyi a gefe, ba ya kaɗewa ko cikin tsananin sanyi. 'Ya'yansa jajaye ne wur, da su mutanen Ingila ke ƙawata ɗakunansu lokacin Kirsimeti.

Abin da ya same ka kuwa, duk mai dabino ya san shi. Holi akwai namiji akwai mace, kowa da gindinsa. Macen ce ke 'ya'ya, ita ma sai da namiji kusa, ƙudan zuma su ɗebo garin furensa su kai mata. Watau ko dai naka namiji ne, ko kuwa mace ce babu miji a unguwar. Ka jira watan Mayu, in ƙananan fararen furanni sun fito ka duba cikinsu. In ka ga ɗan ƙullutu kore a tsakiya, mace ce, sai ka nemo mata miji. In kuwa 'yan tsinkaye 4 ne masu rawayan gari, namiji ne, ka bar shi ka sayo masa mata.

Amma fa ka yi hankali wurin saye, gama sunayen suna da ruɗi. Irin da ake kira Golden King, watau sarki, mace ce. Golden Queen da Silver Queen, sarauniyoyi ke nan, su kuwa maza ne! Wanda ya raɗa sunayen nan lalle ya jawo wa mutane hasarar shekaru. In filinka bai isa biyu ba, nemi J.C. van Tol, shi yakan yi 'ya'ya shi kaɗai.

Ka sayi ƙarami, don babba ba ya son a taɓa masa saiwa. Ka dasa da kaka, wajen Oktoba, inda ruwa ba ya kwanciya. Rami ya fi tukunyar faɗi, amma kada ya fi ta zurfi. Ka riƙa ban ruwa a watannin zafi har shekara 2. Sa'an nan sai haƙuri, gama holi ba ya gaggawar girma, ko ƙwayarsa ma takan yi sanyi biyu a ƙasa kafin ta tsiro.

In Allah ya sa 'ya'yan sun zo, ka tsare yara, suna sa amai da zawo. Tsuntsaye kam ci suke yi lafiya lau, wata shekara ma su riga ka tun Kirsimeti bai zo ba.