Igiyar Birgi A Wuyan Hannu: Gyaran Da Masuntan Sanyinna Za Su Iya Yi Da Kansu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki a yankin Sanyinna bayan ɗaukewar damina ya ga yadda ake jefa birgi. Masunci zai naɗe igiya a hannu ɗaya, ya ɗora wani sashen ragar a kafaɗa, ya juya ƙugu ya watsa ta, ta buɗe kamar faifai, dalmar da ke bakinta ta ja ta ƙasa. Abin da mai kallo ba ya lura da shi shi ne ƙarshen igiyar, wanda ke zarge a wuyan hannun mai jifa. Manya sun san irin zargen da suke yi. Yara masu koyo kuwa, saboda tsoron kada birgin baba ya suɓuce, sukan yi ƙullin da ko a tudu sai an sa haƙori kafin ya kwance.

Wannan ƙulli ya kamata a daina shi. Ƙasan tafki da na gulbi cike suke da kututture da saiwoyi da tsofaffin ragogi. Idan birgi ya maƙale, kwale-kwale kuma yana tafiya da iska ko da ƙarfin ruwa, igiyar za ta miƙe ta fizgo yaron cikin ruwa. Jiƙaƙƙiyar igiya ƙara matsewa take yi idan an ja ta. Yaron da ya iya iyo kamar tarwaɗa ma ba zai tsira da hannu ɗaya ba, muddin ɗayan na ɗaure da abin da ke ƙasan ruwa.

Idan ana zancen haɗarin ruwa a Jihar Sakkwato, hankali kan tafi ne ga kifewar jirage, kuma da dalili. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, yawancinsu yara da matasa. A watan Mayun 2023 wani jirgin ya sake kifewa da yara a Dandeji, nan dai cikin Shagari. Bayan kowane irin wannan rashi akan yi ta maganar rigunan kariya da lodin da ya wuce kima da aikin hukumar NIWA. Amma masunci ɗaya da igiyarsa ta riƙe a ƙasan ruwa ba ya shiga labarai. A yi masa sutura, a ce kwana ya ƙare. Haka ne kuwa, sai dai addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya koyar da ɗaukar mataki.

Akwai wasu mutane a can nesa da suka sha fama da irin wannan matsala har suka sauya tunani. Su ne masu wasan sulu a kan teku da Turawa ke kira kitesurfing, inda mutum ke tsayawa a kan wani ɗan allo, wata babbar lema da ke sama tana jan sa da ƙarfin iska ta igiyoyi masu tsawon kimanin mita 20 zuwa 25. Ana yin sa a Dakhla da gaɓar Masar da Zanzibar, kuma ya shiga gasar Olamfik ta 2024 a Faransa. A farkon wasan, masu koyo kan ɗaure allon a jikinsu don kada ya ɓace idan sun faɗi. Sai aka gano cewa idan lema ta fizgi mutum, igiyar kan miƙe, allon ya dawo da gudu kamar dutsen majajjawa ya same shi a kai ko a fuska. Yau masu koyar da wasan da dama sun hana wannan ɗauri. Tun kafin ɗalibi ya hau allo suke koya masa yadda zai bar shi ya tafi, sannan ya sarrafa lemar ta ja jikinsa a kaikaice har ya koma inda allon yake. Suna kuma koya masa cire kansa daga lemar da turi ɗaya, tare da rataya ƙaramar wuƙa ta yanke igiya.

Ba wanda ke sulu da lema a tafkin Romo ko a Gulbin Zamfara da ya bi ta Kebbe, amma dalilin ɗaurin iri ɗaya ne: tsoron asarar kaya. Kuma tsoron ba na banza ba ne. Birgi jari ne, wani ma bashi aka ci aka sayo zarensa da dalmarsa, aka kwashe makonni ana saƙa shi. Shi ya sa cewa yaro ya saki kawai ba ta wadatar ba. Sai an nuna masa yadda zai saki kuma kayan su dawo.

Hanyar ba ta da tsada. A yi zargen da faɗin da hannu zai zare ba tare da kwancewa ba, wanda ba ya shaƙewa idan an ja. A ɗaura wata ƙaramar jarka ko gorar roba a ƙarshen igiyar, ta yadda in an sake ta za ta yi ta yawo a saman ruwa daidai inda ragar ta maƙale, a dawo da babban mutum da sanda a ciro ta cikin natsuwa. A ba duk mai shiga ruwa ƙaramar wuƙa cikin kube a damtse, inda kowane hannu zai iya kaiwa.

Zancen gora daban yake, domin ita ce ke riƙe da masunci a saman ruwa, ba a cewa ya sake ta. Haɗarinta na zuwa ne idan ta suɓuce. Gorar da ba kowa a kanta iska kan kore ta fiye da saurin mai iyo, musamman lokacin hunturu, sai yaro ya bi ta yana nisa da gaɓa har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya kamata ya sani shi ne ya nufi gaɓa mafi kusa, ya bi bakin ruwa da ƙafa zuwa inda iska ke kaɗa ta, ko ya kira mai kwale-kwale.

Sarkawa ba su rasa ilimin ruwa ba. Wasannin kabanci da ake nunawa a bikin Argungu, daga nutso zuwa tseren gora, shaida ne. Abin da ya rage shi ne sarakunan ruwa na Tambuwal da Kebbe su mayar da wannan sharaɗi kafin buɗe su na bana: kada a ba yaro birgi sai ya nuna a ruwa iya ƙugu, a gaban manya, cewa zai iya zare hannunsa daga igiya idanunsa a rufe. Iyaye kuma su faɗa wa 'ya'yansu da baki, tun kafin a fita, cewa wanda ya dawo gida ba raga ba za a doke shi ba.