Juma'a, Lahadi da ƙofar kanti

A Tabotaki, cikin gundumar Buza, in ladan ya kira sallar Juma'a, mai kanti yakan ja ƙyaure, mai tebur ya lulluɓe hajarsa da buhu, su nufi masallaci. Babu jandarman da ya tilasta musu, babu takardar da ta zo daga Tawa. Ana idar da salla ciniki ya ci gaba. Haka abin yake a Madawa da Keita.

Ma'aikatan gwamnati kuwa Asabar da Lahadi suke hutu. Hutun Lahadi gado ne daga Faransa, inda dokar 1905 ta raba gwamnati da coci, sannan dokar 1906 ta ba ma'aikaci hutun mako ranar Lahadi. Aljeriya ta mai da nata hutun Alhamis da Juma'a a 1976, ta sake gusar da shi zuwa Juma'a da Asabar a 2009 saboda cinikinta da ƙasashen waje. Ashe ranar hutu shiri ne na hukuma, tana iya sake shi. Ibada kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa take.

Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar da shi a 2023, ya ambaci raba addini da gwamnati a aya ta 3. Hikimar da ke ciki ba ta tsufa ba. Bai kamata hukuma ta rufe kantin kowa da sunan addini ba, bai kuma kamata ta hana kowa zuwa ibadarsa ba. Musulmi ya rufe ranar Juma'a, Kirista ya rufe ranar Lahadi, kowa da niyyarsa. Abin da ke wuyan hukuma shi ne ta tabbatar yaron kanti da lebura sun samu ranar hutu da lokacin salla.

Sai dai biro da gidan likita ba kantin wani ba ne, na jama'a ne. Manomin da ya bar gonarsa ya biya kuɗin mota daga Tabotaki zuwa Buza da safiyar Juma'a don neman takarda, hakkinsa ne ya tarar da ƙofa a buɗe. Duk ma'aikacin da ya fake da Juma'a ya kulle biro tun hantsi ya ci amanar talaka, alhali addinin da ya fake da shi tsare amana ya umurce shi. Wajibi ne shugabannin ma'aikatu su manna lokutan aiki a bakin ƙofa, da Hausa, su kuma sa ido a kiyaye su.